RUBUTUN BAYAN AGOGO

Shafi na 17

Na Nazifa Ɗan Isa (Maman Ammar)

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Kafin komai, godiya ga matan gurup ɗin nan da suka yi ta kira suna tambayar jikin Ammar. Zazzaɓi ya sauka, har ya koma ɓarnar da ya saba, Allah Ya bar zumunci. Ku kuma da kuka cika min waya da "a ɗaure Abdussamad", ku ɗan ja numfashi. Maraya ne na kwana arba'in, duk da gemunsa.

Ga wadda yau ta shigo: Alƙali Abdulƙadir ya rasu ya bar agogon nan mai tsada da babban ɗansa Abdussamad ya sayo masa a Dubai, mai koriyar fuska da lambobin Larabci, an zana sunansa a baya. Agogo ya tsaya, Abdussamad ya kai wa Junaidu mai gyaran agogo na bakin kasuwar Kaura. Ya karɓo ya ɗaura ya koma Abuja, can wani abokinsa ya duba ya kwashe da dariya ya ce jabu ne. Shi ne ya juyo gida a fusace.

*

Zauren marigayi Alƙali ya yi tsit bayan la'asar.

Abdussamad na tsaye da waya a hannu. Junaidu na durƙushe a bakin tabarma, ɗan gilashin da yake duba cikin agogo da shi har yanzu na rataye a wuyansa, don daga kan teburinsa aka taso shi a gaban 'yan kasuwa. Agogon kuwa na tsakiyar tabarma yana ta tik, tik, tik abinsa.

"Junaidu, ba zan sake maimaitawa ba. Ina agogon Baba?"

"Ranka shi daɗe, ga shi nan gabanka."

"Wannan gwangwanin?"

"Shi kak kawo min, shi nim maido ma. Allah na gani."

Abdussamad ya yi wata dariya mara daɗi.

"Da hannuna na saye shi, na san nauyinsa. Na Baba ba ya cin batir, motsin hannu ke tafiyar da shi, tsinken sakan ɗinsa kuma sulalewa yake yi, ba tsalle ba. Ji wannan! Sai ka ce agogon bangon aji. Da ka buɗe shi, me ka gani a ciki?"

Junaidu ya sunkuyar da kai.

"Batir nig gani. Da zoben roba."

"Ka gane jabu ne?"

"Tun kahin in buɗe. Hannuna yag gaya min."

"Amma ka yi shiru."

"Na yi shiru."

Jama'a, nan fa Junaidu ya ɗaure kansa da kansa. Ni da nake rubuta shi sai da na ji kamar in shiga zauren in toshe masa baki.

Daga bayan labulen ƙofar cikin gida aka yi gyaran murya. Hajiya Tabawa ce, matar marigayi, tana cikin takaba, ba ta fitowa zaure. Kusa da ita Rekiya matar Junaidu ce, wadda ta biyo mijinta da gudu ko takalmi ba ta saka daidai ba.

"Kai wanga," in ji Hajiya, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, "bi shi sannu. Shekara ashirin yaron ga na gyara ma Malam agogo."

"Inna, to me ya hana shi faɗa?"

Junaidu ya ɗago, idonsa jajur.

"Kunya nij ji, Alhaji. Zatona kai anka cuta can wurin saye. Nic ce, yaro ya yi ma ubanai kyauta, uban ya ɗaura shina alfahari da ita, yanzu ƙasa ta rufe mai ido, ni kuma in buɗe baki bakin kasuwa in ce jabu na? Wallahi bakina ya ƙi. Sai nis sa batir nir rufe."

"Labari mai daɗi," in ji Abdussamad. "Ajiye shi ka ba 'yan sanda."

Ya fara latsa waya.

Rekiya ta saki salati a bayan labule. Mai gyaran agogo fa ba shi da wani jari da ya wuce yarda. Mutum ya cire abin hannunsa ya miƙa maka ya juya baya ya tafi, aikin ke nan. Ranar da aka ce ka musanya ɗaya, to ka naɗe teburinka, Kaura ta gama da kai.

"Salamu alaikum."

Fauziyya ce, 'yar ƙanen marigayi. Ita ke da shagon zane na kusa da tasha, mai rubuta katin biki da allunan Islamiyya da sunayen amare da Larabci. Ta shigo tana haki, ta rungume wata tsohuwar jakar takardu a ƙirji.

"Yaya, ajiye waya."

"Fauziyya, shiga ciki. Maganar maza ce."

"Maganar rubutu ta, Yaya. Ajiye waya don darajar Baffa."

Ya kalle ta. Ya sauke wayar, amma bai mayar da ita aljihu ba.

Ta durƙusa ta ɗauki agogon. Ba ta kalli fuskarsa ba sai sau ɗaya.

"Lambobin ga ma sun isa shaida. Duk kauri ɗaya gare su, kamar an ja su da biro. Wanda yay yi su bai taɓa riƙa alƙalami ba, inji yab buga mai. Na Baffa kowace lamba tana da ciki, tana da siririn wuri."

"Na sani jabu ne, ba wannan nake tambaya ba."

"Na sani ka sani. Malam Junaidu, ara min gilashinka."

Ya cire daga wuya ya miƙa mata. Ta kife agogon a tafinta, ta kanga gilashin a ido, ta yi shiru kan sunan da ke zane a baya. Shirun ya yi tsawo har Hajiya ta ce, "Ke, lahiya?"

Da ta ɗago, hawaye ya riga ya jiƙa gilashin.

"Yaya, kana da hoton bayan na ainihi?"

"Ina da shi. Ranar da aka zana na ɗauka."

"Buɗo."

Ya buɗo. Ta ajiye wayar kusa da agogon a kan tabarma, ta faɗaɗa hoton da yatsu biyu.

"Duba harahin ƙarshe na sunan Baffa. Nan cikin hoto, ina wutsiyar tay yi kauri?"

Abdussamad ya sunkuya ba don ya so ba.

"Daga sama. Ta sauko ta sirance."

"Awo. Hakanan alƙalamin mai hannun dama ke yi, ya fara da nauyi ya ƙare da sauƙi. Yanzu duba wanga."

Ta miƙa masa gilashin. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ta fara siririya. Ƙarshenta ne mai kauri."

"Don bahago yar rubuta shi. Alƙalaminai fiƙar hagu gare shi."

Duk gidan nan, har kajin tsakar gida, sun san bahaguwa ɗaya ce a zuri'ar.

"Ke?" in ji Abdussamad.

"Ni."

Bari in tsaya nan kaɗan, don na san wasu sun manta. Fauziyya tana ƙarama malamin allo ya sha bugun hannunta na hagu har ya kumbura. Alƙali ne ya je da kansa ya raba gardama. Ya ce Alƙur'ani ta rubuta da dama, wannan babu sassauci, amma zayyana da sauran rubutu a bar mata hannun da Allah Ya ba ta. Shi ya yanko mata kara, ya fiƙe mata shi ta ɗaya gefen da askarsa, ya ce to ga naki. Da wannan fiƙar take cin abinci har yau.

Ta zuge jakar takardun. Ita dai ba ta yar da takardar da ta yi gwaji a kai, kowace tana rubuta mata kwanan wata a kusurwa ta adana. Ta zaro guda ɗaya ta shimfiɗa. Sunan Alƙali ne sau tara da tawada, takwas an soke, na tara an zagaye.

"Kwana biyu nike ƙoƙarin kwaikwayon hannun Balaraben da yay yi na farko. Rubutun Gabas siriri na, nawa hannun allo na, mai ƙiba. Na matse shi, na rage mai ƙiba, amma wutsiya ta ƙi. Wanga na tara shi nik kai Gusau inji yaz zana shi bisa agogon ga. Duba kwanan wata, Yaya."

Ya duba.

"Bara ne. Da damina."

"Wata goma sha ɗaya kahin agogon shi shiga hannun Malam Junaidu."

Junaidu ya zube gaba ɗaya, goshinsa a ƙasa.

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Allah na gode Ma."

A bayan labule kuka ne ya ɓarke, ba ka rarrabe na Rekiya da na Hajiya. Ni ma nan sai da na ajiye wayar na share ido.

Amma Abdussamad bai gama ba. Fushin ne kawai ya sake gida.

"To wa ya kawo miki aikin? Wane munafuki ne a gidan nan ya sace agogon Baba yana raye, ya ɗaura masa gwangwani, ke kuma kika taya shi?"

"Amana ta, Yaya."

"Amana? Amanar ɓarawo?"

"Kar ka sake hwaɗin kalmar ga. Za ka yi nadama."

"Sai kin faɗa!"

Ta juya wajen labule.

"Inna, an ce min kar in hwaɗi. Na riƙe har yau. Amma yanzu ga mutuncin bawan Allah ƙasa. Mi za ni yi?"

Hajiya ta ce, "Wanda yab ba ki amanar, in mai tsoron Allah na, ba shi son a ɗaure wani don ita. Hwaɗi."

Fauziyya ta juyo ta dubi Abdussamad.

"Baffa na."

"Wane Baffa?"

"Baffa guda nawa gare ni da za ya shigo shagona in miƙe tsaye? Baba. Ubanka. Shi da kainai."

Wayar da Abdussamad ya ɗauka daga tabarma ta suɓuce ta koma inda ta fito.

"Ƙarya ne."

"Da sandarai yaz zo, bayan azahar, ana yayyahi. Yaz zaro wanga daga aljihu, sabo cikin leda, bayanai fari tas. Yan nuna min hoton tsohon, yac ce, 'Fauziyya, yi min irin wanga rubutu, ki matsa hannunki yadda Abdussamad ba za ya gane ba.' Nic ce, Baffa ina na ainihin? Yay yi murmushi yac ce, 'Ya tahi aiki.'"

"Wane aiki?"

"Nima hakanan nit tambaya. Yac ce, 'Akwai ɗiyar mutane hannun ɓarayin daji, kwana ashirin da uku. Mijinta ya sai da gona, ya samu babur guda, an ce biyu a ka so. Ni ba ni da babur. Amma ina da abin da yah hi babur, ɗaure ga hannu, ba abin da shika yi min sai gaya min lokacin sallar da ladan ya riga ya gaya min. Na ba ɗan aiken da za ya kai babur shi miƙa musu madadin na biyu.'"

Junaidu ya ɗago kai a hankali.

Kowa a zauren ya san wadda aka tare a hanyar Galadi bara da damina tana dawowa daga suna. Kowa ya san wanda ya sayar da gonar gadonsa ta Ɗan Isa a mako ɗaya.

"Rekiya," in ji Junaidu.

"Ita," in ji Fauziyya. "Yac ce kar ka ji, don in ka ji ba za ka ƙara iya kallon idonai ba, shi kuma shina son zama bakin teburinka ku yi hira. Kai kuma Yaya, yac ce kar ka ji, don kyautarka ta, kar ka ga kamar ya raina ta."

Junaidu ya rushe da kuka irin na manya, wanda ba ya da sauti sai girgizar kafaɗa.

"Kullum sai ya zo... kullum sai ya zauna bisa bencina... shi ce min, 'Junaidu, ya mai jiki?' Ashe... Nic ce mishi na ga ba ka kawo agogo wanki ba bana, yac ce ai lahiya lau shike. Wayyo Alƙali! Ina za ni gan ka in ce na gode?"

"Ka gode mai inda shike," in ji Hajiya daga ciki. "Addu'a na isa. Ni da nike kwana ɗaki guda da shi ban sani ba. Allah Ka ji ƙan Malam. Allah Ka sa ya tarad da abin da yay yi."

"Amin," in ji zaure gaba ɗaya.

Sai ga babban ma'aikacin Abuja, da shaddarsa mai sitaci, ya sauke gwiwa biyu a gaban mai gyaran agogo. Hausar ofis ma ta gudu ta bar shi da ta gida.

"Malam Junaidu, yahe min. Na tozarta ka gaban mutane. Kai kana ruhe min asiri, ni ina tona naka."

"Tashi, Alhaji, don Allah tashi. Ɗan Alƙali ba shi durƙusa min."

"Ba ni tashi sai ka ce ka yahe."

"Na yahe duniya da lahira. Ubanka ya maido min uwar ɗiyana. Ko mari kay yi min, ai ban da bakin magana."

"Gobe in sha Allahu da sahe ni za ni kai ka teburinka. Inda nit taso ka, nan za ni tsaya in gaya ma 'yan kasuwa ni niy yi kuskure."

Sannan ya juya wajen Fauziyya.

"Ƙanwata, da ba ki zo ba..."

"Ba ni ba ce, Yaya. Baffa yah hiƙe alƙalamin."

Ya ɗauki agogon daga tabarma, wanda ɗazu ya kira gwangwani, ya goge shi da bakin riga ya ɗaura a hannu. Ya ce wannan ne Baba ya rasu da shi, wannan zai riƙe. Ni dai a nan na yafe wa Abdussamad, ku kuma ku yi yadda kuka ga dama.

Da a nan aka tashi, da kowa ya yi magariba da farin ciki.

Sai labule ya motsa.

Rekiya ce ta fito, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta rakuɓe jikin bango. Tun da aka sako ta ba ta taɓa ba da labarin daji ba, ko ga mijinta.

"Fauziyya," ta ce a hankali, "na ainihin, koriyar huska gare shi?"

"Koriya shar."

"Lambobinai na Larabci, sun ɗan taso sama?"

"Awo."

"Tsinken kuma ba shi tsayawa, tahiya ɗai shikai kamar ruwa?"

Abdussamad ya juyo.

"Kin gan shi a hannun mutanen dajin?"

Ta girgiza kai.

"Ba hannunsu ba. Su babur guda anka kai musu, gabana sunka amsa, sunka ce in tahi. Ba wanda yay yi maganar na biyu. Ba wanda yam miƙa agogo."

"To ina kika gan shi?"

"Ga hanyar dawowa. Ina bayan babur, iska na ɗaga hannun rigar wanda yaɗ ɗauko ni. Tun daga Galadi har Shinkafi shi nike kallo, don kar in yi kuka."



"Wato agogon bai shiga daji ba," in ji Fauziyya.

"Ya shiga," in ji Rekiya. "Ya hito."

"Wa ya ɗauko ki?" in ji Abdussamad. "Wane ne ɗan aiken?"

Rekiya ta kalli mijinta ta sunkuyar da kai. Junaidu, wanda yanzun nan ya gama share hawayen godiya, ya amsa a madadinta.

"Jafaru na," ya ce. "Ƙanena. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ko rufe baki bai yi ba aka ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida. Aka kashe inji. Takun mutum ya nufo zaure.

"Salamu alaikum! Yaya, an ce min an taso ka daga kasuwa, wa yat taɓa ka?"

Jafaru ya sako kai yana huci.

Ba wanda ya amsa sallamar. Idon mutum huɗu ya sauka kan hannunsa na hagu, inda doguwar riga ta rufe har wuyan hannu.